Leɓen Herlinda, Kunnen Nicanor

Duk ranar Lahadi, tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutsen Silla da ke gefen birnin Monterrey, layi ya riga ya sha kwana a ƙofar gidan Nicanor, wanda ake kira Don Nicanor don girmamawa. Mutanen unguwa ne da kwanukansu, wasu ko fuska ba su wanke ba, sun zo sayen naman kan saniya da ya kwana yana dahuwa a kan tururi. Nicanor yana ciki bayan katakon yanka, matarsa Herlinda tana bakin taga. Ita ke jin abin da mai saye yake so, sai ta waiwaya ta faɗa wa mijin ba tare da sauti ya fita ba: rabin kilo na kunci, harshe kaɗan, ban da kitse. Shi kuwa ya ɗago ya dubi bakinta, wuƙa ta sauka. Wani lokaci har ƙari take yi masa, ta ce, "Wannan ce wadda mijinta ya gudu da mai gyaran farce." Sai ka ga kafaɗun Nicanor suna rawa don dariya, baiwar Allah tana tsaye da kwanonta ba ta san da ita ake ba.

Nicanor kurma ne, amma ba haka aka haife shi ba. Ƙarar masana'antar ƙarfe ce ta riƙa gutsurar kunnuwansa tun yana saurayi, har ta cinye su tas. A can ne ya koyi kallon baki, don duk ma'aikatan da kallon baki suke magana a tsakiyar injuna. Sai dai ba kowane baki yake karantuwa ba. Akwai masu gashin baki, akwai masu tauna magana, akwai waɗanda da zarar sun ji an ce kurma sai su wage baki kamar za su haɗiye shi. Duk waɗannan amsa ɗaya yake ba su. Ya yi murmushi, ya gyaɗa kai, ya ce da muryarsa mai ƙarfi, "Haka ne, haka ne." Ko ce masa ka yi motarsa ta kama wuta, abin da za ka samu ke nan.

"Tsoho, wata rana za a tambaye ka ko na sayarwa ce ni, ka ce haka ne," in ji Herlinda.

"Wa zai saya?" ya ce. "Kuma ai ke ban taɓa ce miki 'haka ne' ba."

Gaskiyarsa ne. Bakin Herlinda kam ya haddace shi. Daga gefe ma yana karantawa, ko tana tauna tortiya, wainar masararsu. A coci ita ke maimaita masa wa'azin Fada, tana ragewa tana ƙarawa yadda ta ga dama.

"Ya ce ka rage giya."

"Fada bai faɗi haka ba."

"Da ya san ka da ya faɗa."

Sai ya manta ya yi dariya da ƙarfi, mutanen bencin gaba su waiwayo.

To, a nan ne abin ya samo asali, ko da yake ba wanda ya sani sai ita. Lokacin da jinsa ya ƙarasa ɗaukewa, Herlinda ta haura arba'in. Mijin da a dā yake kallon idonta, yake kallon tafiyarta, ya koma ba ya kallon komai sai bakinta, daga wayewar gari har a kwanta. Ba don tsana ba, don dole. Amma mace ce. Ta fara tsayawa gaban madubi tana duban abin da yake yini yana kallo, sai ta ga leɓe siriri irin na mahaifinta, ga wasu 'yan layuka sun fara tattaruwa a kansa. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce a zuciyarta, tunda bawan Allahn nan nan kaɗai ya rage masa ya duba, ai sai ya sami abin dubawa.

Otilia ce ta kawo hanya. Otilia komadre ɗinta ce, wato ita ta riƙe 'yarsu Araceli ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna haka, kuma tana da shagon gyaran gashi a bayan kasuwa. Wata mata ce ke zuwa shagon lokaci-lokaci daga babban birni, da farar riga da jakar kayan allura. Ba wanda ya tambaye ta takardar komai, farar rigar ta wadatar.

"Komadre, wannan ba irin na 'yan gayun asibiti ba ne da ke narkewa bayan shekara," in ji Otilia. "Sau ɗaya ake yi, an gama har abada. Dubi kumatuna."

Har abada. Kalmar da ta fi yi wa Herlinda daɗi ke nan a ranar. Aka kwantar da ita a kujerar wanke gashi, aka zuƙo wani ruwa mai kauri daga kwalbar da ba rubutu a jikinta, aka tsira mata a leɓen sama da na ƙasa. Da ta koma gida baki a kumbure, ta ce wa Nicanor mangwaro ne ya taɓa ta. Ya dube ta ya daɗe. Kumburin ya sauka, leɓe ya cika ya yi kyau, matan coci suka yi ta cewa tana ƙara yarinta. Shekaru suka shuɗe, Araceli ta yi aure ta haihu, Herlinda har ta kan manta akwai wani abu a bakinta wanda ba da shi aka haife ta ba.

Haƙori ne ya tono asirin. Wani matauni ya ruɓe, ta je aka cire. Kafin a fara, likitan haƙori ya tambaye ta ko an taɓa yi mata wani aiki a fuska, ta ce a'a ido a tsaye. Ba a yi sati ba leɓen sama ya tashi, ya yi ja, ya yi zafi rau. Likitan unguwa ya ce wani abu ta ci da jininta bai so ba, ya ba ta ƙwayoyi. Shi ma ba ta gaya masa ba. Kumburin ya sauka, ya dawo. Da ya sake sauka sai ya bar wasu ƙululluka masu tauri a ƙarƙashin fata, kamar an jera wake bai dahu ba.

Ta tafi wurin Otilia, bakinta rufe da gyale a cikin zafin nan na Monterrey.

"Kai, komadre, har kin ba ni tsoro," in ji Otilia. "Daskarewa ya yi kawai. Ki jiƙa tawul a ruwan zafi ki gasa, ki riƙa murzawa safe da yamma, zai baje."

"Ita matar fa? Kina da lambarta?"

"Wace mata? Wannan ai an ce tana Texas, wasu su ce ta mutu. Ke dai ki murza. Ni ma ai kwalba ɗaya muka yi, ga ni garau."

Garau ɗin take kuwa, kumatu sumul, abin haushi. Herlinda ta gasa, ta murza da dukkan ƙarfinta. Ya baje ɗin, yadda Otilia ta ce. Ya hau har gindin hanci, ya gangara gefen baki na hagu. Daga nan ta je wani ɗakin gyaran fata inda suka ce suna da allurar da ke narkar da irin wannan. Aka yi mata, aka sake yi. Ko gezau. Leɓen ya zama kamar gefen busasshen burodi, ba ya tattaruwa, ba ya miƙewa yadda ya kamata.

Zafin bai dame ta ba kamar abin da ya faru wata Lahadi. Ta waiwaya ta ce kilo ɗaya na kunci. Nicanor ya ɗago, wuƙa a sama, ya tsaya.

"Sake faɗa."

Ta sake. Ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido.

"Sake, tsohuwa. A hankali."

Wani a layi ya ɗaga murya daga baya, "Kunci ta ce, Don Nica!" kamar ihu zai yi wani amfani. A ƙarshe sai da ta ɗaga yatsa ɗaya, ta nuna kuncinta. Ya yanka. Haka suka ƙarasa ranar da yatsu da nuni, ba gulma, ba dariya. Da suka rufe taga ya zauna kan bokiti ya daɗe yana kallon hannuwansa. Herlinda ta shiga banɗaki ta yi kuka mai isarta.

Araceli ta zo ta saka masa wani abu a waya mai mayar da magana rubutu. Ya gwada kwana biyu ya ajiye. Karatunsa na mai fita makaranta da wuri ne, yana bin harafi ɗaya-ɗaya, kafin ya kai ƙarshen layi maganar ta huce.

"Wannan wayar ba ta san zolaya ba," ya ce. "Komai da fuskar ma'aikacin banki take faɗarsa."

Aracelin ce dai ta tisa su gaba zuwa wurin Likita Arizpe, wata mai fiɗar gyaran fuska da aka ce ta ga irin wannan ba iyaka. Mace ce gajera, ba ta da yawan murmushi. Ta sa safar hannu ta lalluba leɓen ciki da waje, ta shafa wani ruwa mai sanyi, ta ɗora na'urar ɗaukar hoto tana kallon allo.

"Donya Herlinda, me aka saka miki, kuma yaushe?"

Herlinda ta saci kallon mijinta. Yana zaune a gefe, hularsa a gwiwa. Shekara da shekaru ita ke tace masa duniya, abin da ta so ya sani shi yake sani. Ta ɗan juya masa ƙeya ta ce ƙasa-ƙasa, "Likita, ni ban tuna an…"

"Allura take tambaya ko?" Muryar Nicanor ta cika ɗakin. Bakin likitar ya kalla, ya tsinci abin da ya tsinta. "Shekarar da yarinyar nan ta gama sakandare ne, Likita. A shagon Otilia. Ta ce min mangwaro."

Herlinda ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ka sani?" ta ce, ta manta ba zai gane ba. Amma wannan kam ya gane, a idonta.

"Yo ni da bakin nan nake ci, ba zan sani ba? Damina guda na yi ina sake koyonsa. Na ga kina jin daɗin abinki, na ce to, bari in yi shiru." Ya juya hularsa. "Ban dai taɓa gane dalili ba. Bakin ba abin da ya yi."

Araceli ta sunkuyar da kai. Likita ta bar su suka numfasa, sannan ta juyo da allon.

Ta ce ba za ta iya rantsuwa kan ko mene ne ba, amma alamu sun nuna man silikon ne ko ɗan'uwansa, irin wanda jiki ba ya iya narkarwa. Shi ya sa allurar da aka yi ta yi mata ba ta yi komai ba, don wancan maganin wani abu dabam yake narkarwa. Jiki yakan haƙura da shi shekaru, in ji ta, sai ranar da ƙwayoyin cuta suka sami hanya, kamar wurin cire haƙori, su maƙale a jikinsa. Daga nan jiki ya tashi yaƙi, ya yi ta gina tsoka mai tauri yana kewaye kowane ɗigo. Murzawar nan kuma ta ƙara watsa shi.

"To a zuƙe shi mana," in ji Araceli.

"Da a wuri ɗaya yake tare da na zuƙe. Ya shiga cikin naman." Ta dubi Nicanor, ta ɗaga fuska sosai don ya gani. "An ce mahauci ne kai. Kitsen da ke gefen nama, da wanda ya ratsa cikinsa."

Ta nuna da hannu. Nicanor ya gane sarai. Ya san kitsen da ake yankewa da wuƙa ɗaya, ya san wanda in ka ce sai ka raba shi da nama to naman za ka ɓata. Fuskarsa ta canza.

Likita ta ce za a fara da maganin kashe ƙwayoyin cuta na tsawon lokaci, sai allurai a cikin ƙulullukan don su yi laushi. In wuta ta lafa sai a yi aiki ta cikin baki, a yanke abin da ya yanku. Ba duka zai fita ba. In kuma aka bar shi, zai yi ta tashi, wata rana ya fashe ta waje.

Herlinda ba ta tambayi tabo ba, ba ta tambayi kyau ba.

"Likita, zai motsa kamar dā?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Donya. Akwai tsokar da ta zagaye baki, ita ke tattara shi, ita ke buɗe shi. Abin ya shige ta ta hagu. Zan bar miki duk abin da zan iya bari."

"Me ta ce?" in ji Nicanor.

Herlinda ta buɗe baki za ta ce masa an ce komai zai yi daidai, sai ta tuna ko ƙaryar ma yanzu ba ta da bakin yi masa. Araceli ce ta rubuta masa a waya. Ya bi layin da yatsa har ƙarshe, ya mayar mata.

Watannin magani suka zo suka wuce. Ƙwayoyin suka ɓata mata ciki, alluran kuwa ko maƙiyinka ba ka so ya ɗanɗana. Ranar aiki Otilia ta aiko da miyar kaza, Herlinda ta ce a mayar mata, daga baya ta ce a bari, don in za a yi gaskiya ba ɗaure ta aka yi aka kai ta kujerar nan ba. Bayan aikin ta yi makonni baki a ɗinke, tana zuƙar romo da siririn bututun roba. Nicanor ne ke dafawa. Gidan ya yi shiru irin wanda ita ba ta taɓa sani ba, shi kuwa ya daɗe a ciki. Sai a lokacin ta gane inda ta bar shi.

Da aka warware zare, kumburi ya sauka, Likita Arizpe ta yi murmushin farko da suka taɓa gani. Ciwon ya mutu, jan ya tafi, ƙululluka saura ɗan abin da ba a rasa ba. Ta ce aiki ya yi kyau, kuma ba ƙarya ta yi ba. Herlinda ta dubi madubi. Leɓen ya koma siriri, ya fi na mahaifinta ma siranta, gefen hagu ya ɗan ja sama ya tsaya a nan. In ta sha kofi sai ya zubo ta wurin ba ta ji ba.

Suka shiga koyo. Likita ta ba ta motsa baki na safe da yamma, ta hura, ta tsotsa, ta ja. Nicanor kuma ya ce ai ya taɓa koyon bakin nan sau biyu, na uku ba zai gagare shi ba. Kullum bayan la'asar su zauna a tsakar gida, ta faɗi kalma ya maimaita. Ya kama ruwa, ya kama gishiri, ya kama sunan jikarsu. Amma da ta haɗa magana ta yi tsawo sai ta ga idonsa yana bin leɓen yana ɓacewa a hanya. Shi ma ba yaro ba ne yanzu, idon ya fara gajiya. A taga suka ci gaba da yatsu. Masu saye ba su ga wani bambanci ba, naman dai yana nan yadda yake.

Maganar da ya yi a gaban likita ce ta ƙi barin ta. Bai taɓa gane dalili ba. Ta so ta rubuta masa, ta ɗauki waya ta ajiye ba sau ɗaya ba. Wannan ba maganar da za a bi da yatsa ba ce. Da bakinta take so ya ji.

Wata Litinin da yamma yana zaune a gindin bishiyar lemo yana wasa wuƙaƙe. Ta jawo kujera ta zauna gabansa, ta gyara yadda hasken rana zai faɗo a fuskarta sosai. Ta taɓa gwiwarsa. Ya ajiye wuƙar.

"Tsoho, ka dube ni da kyau, magana zan yi maka."

Ta yi ta a hankali, kalma bayan kalma, tana tilasta wa gefen hagu ya motsa har ya fara yi mata zugi. Ta gaya masa yadda ta ji lokacin da ya daina kallon komai nata sai baki. Ta gaya masa batun madubi, da kunyar da ta riƙa ji in ya zuba mata ido da safe. Ta ce ba don matan coci ta yi ba, ba don Otilia ba, ba don kowane namiji a Monterrey ba.

"Don kai na yi, Nicanor. Na ga nan kaɗai kake kallo, na so ka riƙa ganin abu mai kyau. Wauta ce, na sani. Ka yafe min."

Bai ɗauke ido daga bakinta ba ko sau ɗaya. Ya sunkuyo gaba, goshinsa ya tattare, leɓensa na motsi yana bin nata. Da ta yi shiru ya ɗan jira ya ga ko da saura. Ya ga hawaye a fuskarta. Sai ya miƙa hannu ya riƙe nata, ya yi mata murmushi mai taushi, ya gyaɗa kai.

"Haka ne," ya ce. "Haka ne."

Ya ɗan matsa hannunta kafin ya saki, sannan ya ɗauki wuƙar ya ci gaba da wasawa. Herlinda ta zauna a wurin, rana na kan fuskarta, har inuwar katanga ta iso ta rufe ta.